Bin Salsalar Zanen Tukwane: Yadda Ake Gano Hannayen da Tsohon Zane Ya Ratsa

A gidan tarihi na Louvre da ke birnin Paris akwai wani ɗan zane da bai kai allon almajiri girma ba, tsayinsa bai cika santimita 29 ba. Randar ruwa ce ta jan ƙarfe a kan ƙafafun katako, ga bokiti a ƙarƙashin famfonta, ga tulun ƙasa a gefe, ga moɗa mai dogon mariƙi. Ko mutum ɗaya babu a ciki. Jean-Siméon Chardin ne ya zana shi da fentin mai a kan katako wajen shekarar 1734. In ka duba bayanin da gidan ya rubuta a kansa, za ka ga cewa ya shigo ne a 1869 cikin wasiyyar Louis La Caze, wani likita da ya bar wa Louvre zane 583. Wannan ɗan layin, da irinsa, shi ne aikinmu a nan.

'Yan harkar suna ce masa provenance, kalmar Faransanci ce mai nufin inda abu ya fito. Ni salsala nake ce masa. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya ji ana cewa wane ya karɓo daga wane, shi kuma daga wane, ya riga ya san dabarar: ba a karɓar zance don daɗinsa, sai an duba bakunan da ya biyo. Haka zane yake. Fuskarsa tana gaya maka abin da mai zanen ya gani, amma wanda ya saya, wanda ya gada, wanda ya sace, duk sai a bayansa da cikin takardu.

Zanen kayan kicin kuwa ya fi saura ba da wahala, kuma gara ka san dalili tun yanzu. Hoton sarki yana da suna, tukunya ba ta da shi. A tsarin makarantar zane ta masarautar Faransa, zanen kayan da ba su da rai shi ne a ƙasan kowa, don haka masu ƙidayar kayan gado ba sa ɓata tawada a kansa, sai su rubuta "ƙaramin zane na kayan kicin" su wuce. Ga shi Chardin da kansa yakan maimaita tsari ɗaya sau biyu ko uku in an nema. Ga Roland de la Porte, ɗan zamaninsa, wanda aka daɗe ana rikita aikinsa da na Chardin. A ƙarni na 19 kuma François Bonvin da Antoine Vollon da Joseph Bail suka sake cika kasuwa da tukwanen jan ƙarfe. Saboda haka tukunyar da ke hannunka tana da 'yan'uwa ɗaruruwa, kuma rabin aikin shi ne hana kanka ɗauke tarihin wata ka jingina wa taka.

Mataki na farko: kada ka gyara komai

Hannu yana ƙaiƙayi in mutum ya ga ƙura. Ka daure. Kada ka goge da ruwa ko kananzir, kada ka ɓare tsohuwar takardar da ke liƙe a baya don ta yi baƙi, kada ka kai wa kafinta ya canza firam. Mutane da yawa da hannunsu suka zubar da shaidar da za ta ninka kuɗin zanensu.

Ka fito da shi inda hasken rana yake amma ba cikin rana ba. Ka ɗauki hoton fuska, da na baya gaba ɗaya, da na gefuna huɗu, sannan kowane rubutu da tambari ɗaya bayan ɗaya. Ka auna zanen ba tare da firam ba, tsayi kafin faɗi, da santimita har da ɗigo, domin haka ake rubutawa a yawancin kundayen zamani. Sai ka buɗe littafi ka lissafa duk abin da ke cikin zanen daga hagu zuwa dama: tukunyar jan ƙarfe a kife ko a tsaye, murfi a jingine, turmi da taɓarya, albasa uku, ƙwai biyu, wuƙa da mariƙinta ya leƙo bakin teburi. Kada ka raina wannan lissafi. Nan gaba adadin ƙwan nan ne zai raba naka da na wani.

Mataki na biyu: juya shi

A nan za ka daɗe. Ka kifa zanen a kan tawul mai tsabta, ka samo tocilan da gilashin ƙara girma, ka haska daga gefe don rubutun da ya dushe ya taso.

Fara da abin da aka yi zanen a kai. In yadin kanbas ne, nemi tambarin shagon da ya sayar da shi. Masu sayar da kayan zane a Paris da Landan a ƙarni na 19 sukan buga sunansu da adireshinsu da baƙin fenti a bayan yadin, irin su Lefranc, da Roberson, da Winsor & Newton wanda aka kafa a 1832. Adireshin ya fi sunan amfani, domin shaguna suna tashi daga wannan titi su koma wancan, kuma an san shekarun da suka yi a kowane wuri. Gidan zane na National Portrait Gallery a Landan yana da jerin irin waɗannan shaguna na Birtaniya a intanet, kyauta. Tambarin ba zai gaya maka ranar da aka yi zanen ba, amma zai gaya maka ranar da ba a yi shi kafinta ba. In kuwa katako ne, duba ko akwai alamar da aka ƙona da ƙarfe: hannaye biyu da hasumiya alamar birnin Antwerp ce, wadda ake bugawa a allunan katakon oak a ƙarni na 17.

Wani tarko a nan. Tsofaffin zane da yawa an liƙa musu sabon yadi a baya don ƙarfafa tsohon da ya ruɓe. Za ka ga baya ya fi fuska ƙuruciya, ka ce jabu ne, alhali ba haka ba ne. Duba gefe: in ka ga yadi biyu a manne, ko an naɗe gefen da takarda mai ruwan ƙasa, to gyara aka yi. Tambarin da ke kan sabon yadin na mai gyara ne, ba na mai zane ba.

Sai katakon da aka ɗaure yadin a kai, da firam. A nan mutane ke barin sawunsu. Lambobi da haruffa da aka buga da baƙin fenti ta cikin faifan ƙarfe yawanci na gidan gwanjon Christie's ne, wanda yake aiki tun 1766, kuma lambar tana kai ka ga littafinsu na ranar da kayan suka shigo. Rubutun alli kuwa lambar kaya ce a ranar gwanjo, wani lokaci har da kwanan wata. Jan hatimi na kakin zuma, mai tambarin gida, na masu sarauta ko attajirai ne. Hatimin da aka rubuta Douane a kai na kwastan ne, yana nuna zanen ya tsallaka iyaka. Takardar baje koli takan ɗauki sunan wurin, da shekara, da sunan wanda ya ba da aro, kuma wannan sunan shi ne zinariyar.

Ka kwafi kowane rubutu yadda yake, har da kuskurensa. Inda harafi ya goge ka bar gurbinsa, kada ka cike da abin da kake fata. Ka kuma riƙe cewa firam riga ce, ana cire ta a sa wa wani. Takardar da ke jikin firam shaida ce a kan firam, sai in wani abu ya ɗaure ta da zanen.

Mataki na uku: shekarun jiki su dace da shekarun baki

Kafin ka ɓata watanni a cikin takardu, tabbatar zanen zai iya kai shekarun da ake faɗa. Yadin da aka kama da ƙusa mai kai ya bambanta da wanda aka harba wa waya irin ta masu kushin, wadda sai a ƙarni na 20 ta zo. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardar kuɗi da ita tana da amfani a ɗaki mai duhu: tsohon man ƙyallin da aka shafa a sama yana haske kore-kore, fentin da aka ƙara daga baya yana fitowa baƙi-baƙi. Haska kan sa hannun. In ya yi duhu shi kaɗai yana yawo a saman tsohon man, wani ne ya rubuta daga baya.

Abin da ya wuce nan na ɗakin gwaji ne, kuma da tsada, don haka sai zanen da ya cancanta. Kowane launi yana da ranar haihuwa. Shuɗin Prusiya an gano shi a Berlin wajen 1706, saboda haka ba shi da abin yi a zanen da aka ce na 1650 ne. Farin titaniyam bai shiga kasuwa sosai ba sai wajen 1920. Wannan farin ne ya tona asirin Wolfgang Beltracchi, Bajamushen da ya yi zane ya jingina wa Heinrich Campendonk da kwanan 1914. Abin da ya shafe mu a labarinsa shi ne, bai tsaya ga ƙirƙirar zane ba, har salsala ya ƙirƙira. Ya buga takardun bogi na wani sanannen dillali, Alfred Flechtheim, ya liƙa a baya. Matarsa ta sa tufafin tsofaffi ta zauna gaban zanen aka ɗauke ta hoto a matsayin kakarta. A 2011 kotu ta ɗaure shi shekara shida. A Ingila kuma John Drewe cusa takardun ƙarya ya riƙa yi a ma'ajiyar gidajen tarihi na Landan, har aka ɗaure shi a 1999. Takarda ɗaya, komai tsufanta, shaida ɗaya ce, kuma ana neman ta biyu daga wata hanya daban.

Mataki na huɗu: tambayi masu rai

Ana fara salsala daga yau a koma baya, ba daga mai zane a gangaro ba. Wanda ya fara daga sunan Chardin zai yi ta lanƙwasa kowace takarda har ta iso gidansa.

Tambayi wanda ya sayar maka ko ya bar maka: a ina ya samu, yaushe, nawa, akwai rasit? Rubuta amsar a ranar, da sunan mai faɗa. In gado ne, nemi tsofaffin gidan tun suna raye, ka nemi hotunan biki da na falo, domin sau da yawa zane yana rataye a bango bayan kan amarya ba wanda ya lura. Dillalin da ya ce maka "daga wani tsohon gida ne a Turai" kuma ya ƙi ƙarawa, to bai gaya maka komai ba. Rubuta hakan a matsayin zancensa, kada ka rubuta shi a matsayin abin da ya tabbata.

Mataki na biyar: shiga cikin takardu

Yanzu kana da sunaye biyu ko uku, da lamba, da awo. In ana zaton zanen na wani sananne ne, fara da cikakken kundin ayyukansa, wanda ake kira catalogue raisonné. Na Chardin, Pierre Rosenberg ne ya tattara, tsohon shugaban Louvre, kuma a ƙarƙashin kowane zane akwai jerin masu shi da kwafe-kwafen da aka sani. Sau da yawa a nan tafiyar take ƙarewa: sai ka ga na asalin yana rataye a wani gidan tarihi, naka kwafi ne na wani ɗalibi. Ba abin kunya ba ne. Kwafin ƙarni na 19 ma yana da kuɗinsa da tarihinsa.

In ba haka ba, sai kundayen gwanjo. Frits Lugt, ɗan ƙasar Holan, ya jera kundayen gwanjon Turai daga 1600 zuwa 1925, kowanne da lambarsa. Rumbun Getty Provenance Index yana da bayanan gwanjo da ƙididdigar kayan gado da littattafan dillalai, ana bincikawa kyauta. Gallica, ɗakin karatun Faransa na intanet, yana da kundayen gwanjon Paris da yawa, har da na Hôtel Drouot da aka buɗe a 1852. Zanen Holan da Belgium kuwa sai cibiyar RKD ta birnin Hague. Ka nema da harshen takardar, da kalmomin da ke nufin irin wannan zane ko kayan kicin: nature morte ko ustensiles de cuisine ko chaudron a Faransanci, stilleven a harshen Holan, bodegón a Sifaniyanci. Kundin da ya fi daraja shi ne wanda wani ya halarci gwanjon ya rubuta farashi da sunan mai saye a gefe da hannu.

Da ka ga bayanin da ya yi kama da naka, kada ka yi murna tukuna. Gwada shi da abu uku: kayan da aka lissafa, abin da aka yi zanen a kai, da awo. Awon yana da nasa rikici. Kafin zuwan mita, Faransawa da pouce suke awo, wanda ya kai kusan santimita 2.7, inci na Ingila kuwa 2.54 ne. Wanda ya ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya zai yi kuskuren santimita biyu ko uku a ƙaramin zane, ya jefar da nasa ko ya rungumi na wani. Bambancin rabin santimita ba komai ba ne, domin wani da firam ya auna, wani kuma an datse gefensa. Amma in kundin ya ce katako, naka kuwa yadi ne, to ba shi ba ne, komai yawan albasar da ta dace.

Ga misalin shaidar da ta fi ƙarfin gardama. A baje kolin Paris na 1761 Chardin ya nuna zanen kwandon 'ya'yan sitiroberi na daji da kofin ruwa. Wani mai zane, Gabriel de Saint-Aubin, yana da ɗabi'ar zana abin da ya gani a gefen ɗan littafin baje kolin, kuma ya zana wannan kwandon. Daga nan zanen ya ɓace daga takardu kusan shekara ɗari, sai ya ɓulla a hannun iyalan Marcille, waɗanda suka riƙa tara ayyukan Chardin lokacin da ba wanda ya damu da su. Ya zauna a zuriyarsu har Maris na 2022, aka sayar da shi a gwanjo a Paris a kan Yuro miliyan 24 da 'yan kai. Faransa ta hana fitar da shi, Louvre ta saye shi a 2024. Lura da cewa akwai giɓin ƙarni guda a salsalarsa, kuma ba wanda ya ɓoye. Ƙarshe biyun ne suke da ƙarfi.

Mataki na shida: shekarun da ba a tsallakewa

Giɓi iri biyu ne. Na 1780 zuwa 1850 abu ne da aka saba. Na 1933 zuwa 1945 kuwa, a zanen da ya zauna a Turai, dole a tsaya a kansa, domin a shekarun nan gwamnatin Nazi ta Jamus ta ƙwace dukiyar Yahudawa, wasu kuma aka tilasta musu sayarwa a wulaƙance. A 1998 ƙasashe 44 suka amince da ƙa'idojin Washington kan mayar da irin waɗannan kaya, kuma har yau magada suna bin haƙƙinsu. Duba rumbun Lost Art na Jamus. Duba na Interpol, wanda yake da manhajar waya mai suna ID-Art. Kamfanin Art Loss Register na Landan yana bincike da kuɗi ya ba da takarda, kuma manyan gidajen gwanjo suna neman irinta. In ka ga sunan zanenka a ɗaya daga cikinsu, lauya za ka nema, ba dillali ba.

Mataki na bakwai: rubuta abin da ka samu

Ana jera masu zanen daga na farko zuwa na yau, kowane da gari da shekara da yadda ya samu: saye, gado, kyauta, ganima. Ƙa'idar gidajen tarihi ita ce, in zane ya fita daga hannun wane kai tsaye zuwa hannun wane, a raba su da waƙafi mai ɗigo. In ba a san abin da ya faru a tsakani ba, a sa aya. Abin da kake zato ka rubuta masa "wataƙila". Kowane suna kuma ka ajiye takardar da ta tsaya masa.

Ɗauki zanen mai sayar da ruwa na Seville, wanda Diego Velázquez ya yi wajen 1620. Akwai mutane a ciki, amma tulunan ƙasa biyu ne suka cinye zanen, har ana ganin raɓar ruwa a jikin babban. Ga yadda salsalarsa za ta zauna a taƙaice:

Juan de Fonseca, Madrid, zuwa rasuwarsa a 1627. Tarin masarautar Sifaniya, yana cikin ƙididdigar fadar Buen Retiro a farkon ƙarni na 18; Joseph Bonaparte, ɗan'uwan Napoleon da aka naɗa sarkin Sifaniya, ya ɗauke shi da yake gudu a 1813; sojojin Wellington, babban kwamandan Birtaniya, suka same shi a kayansa bayan yaƙin Vitoria a Yunin shekarar; Sarki Ferdinand na Bakwai na Sifaniya ya bar wa Wellington kyauta a 1816; magadan Wellington a gidan Apsley, Landan; aka ba ƙasar Birtaniya a 1947.

Ka ga ayar da na sa bayan 1627, domin na tsallake hannayen da ke tsakani. Ka kuma ga layin 1816. Ba don wannan kyautar ba, da har yau kayan ganima ne.

Wannan ɓangare na ƙarshe na ɗaliban zane ne, na Zariya ko Maiduguri ko ko'ina, waɗanda malami ke jera wa tukunyar ƙasa da samira da ludayi a kan teburi ya ce su zana. Kai ne mutum na farko a salsalar zanenka, kuma kai kaɗai za ka rubuta ta ba tare da wahala ba. A katakon baya, ba a jikin yadin ba don kada tawada ta ratso fuska, rubuta sunanka, da garin, da shekara, da awo, da lamba. Buɗe littafi mai lambobi iri ɗaya, ka manna hoton kowane zane, ka rubuta wanda ya saya da ranar da kuɗin. Ba mai saye rasit mai ɗauke da lambar, ka riƙe kwafi. In tukunyar da ka zana ta kakarka ce, daga jeren aurenta, rubuta wannan ma, da sunan garin da aka gina ta.